Na'ura ce ta karanta hoton ƙirjin mahaifina, shin a yarda da ita?

Ɗan'uwa daga Argungu, tambayarka ita ce ko za a fara ba mahaifinku maganin tarin fuka saboda kwamfuta ta ce ta ga alamarsa a hoton ƙirji. A'a, tukuna.

Manhajar an horar da ita da dubban hotunan huhu, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da irinta wajen tantance masu shekara 15 zuwa sama, abin da ke da amfani ƙwarai a ƙauyukan da babu ƙwararren mai karanta hoto. Sai dai aikinta nuna wanda ake zargi ne kawai, domin tsohon tabo a huhu ma kan ja hankalinta.

Abin da ke tabbatarwa shi ne gwajin majina da na'urar GeneXpert, wadda kan ba da sakamako cikin kamar awa biyu, har ta nuna ko ƙwayar cutar na bijire wa maganin rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka.

Kada ku sayi maganin a kemis. Ku kai shi sashen tarin fuka na asibitin gwamnati, inda maganin kyauta ne, kuma idan an tabbatar, a duba sauran mutanen gidan. Allah ya ba shi lafiya.