Xmodem, Ymodem, Zmodem ko Kermit: wanne zan zaɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum. A wurin aikinmu akwai wata tsohuwar na'ura a wani gari da muke kira ta layin tarho da modem don kwaso fayiloli. Duk lokacin da zan ɗauko fayil sai manhajar ta jero min Xmodem, Ymodem, Zmodem da Kermit ta ce in zaɓa. Ga layin kuma da yawan yankewa. Wanne ya fi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, malam. Duk huɗun tsare-tsare ne na tura fayil tsakanin na'urori biyu ta modem. Ɗauki Zmodem, muddin na'urar da ke can ta san shi, domin dole ne ɓangarorin biyu su kasance kan tsari ɗaya. Abin da ka faɗa na yankewar layi ma shi ya raba gardama.

Xmodem shi ne dattijonsu. Ward Christensen ya rubuta shi a 1977, kuma yana yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace bayit 128 (bayit ɗaya bit 8 ne, kimanin harafi ɗaya). In ya aika ɗaya sai ya tsaya cak har ɗaya ɓangaren ya amsa cewa ta iso lafiya, kamar lebura mai miƙa bulo ɗai-ɗai yana jiran a ce "na karɓa" kafin ya sunkuya ya ɗauko wani. Fayil mai megabayit 1 gunduwa 8,192 ke nan, tsayawa 8,192. A zamanin modem mai gudun bit 300 a daƙiƙa wannan jiran ba ya damun kowa, amma a kan mai gudun 33,600 lokacin jiran amsa kan fi na aikawar kanta tsawo. Xmodem kuma ba ya aika sunan fayil ko girmansa, shi ya sa za ka ga ya cika ƙarshen fayil da ciko don gunduwar ƙarshe ta kai 128.

Ymodem na Chuck Forsberg, wanda ya fito a 1985, ya gyara wasu: gunduwa ta koma bayit 1,024, suna da girma suna tafiya tare da fayil, kuma ana iya tura fayiloli da yawa a jere. Sai dai jiran yana nan. Akwai Ymodem-g da ba ya jira, amma kuskure ɗaya ya isa ya watsar da aikin gaba ɗaya, don haka a layi irin naka kada ma ka kusance shi.

Shi dai Forsberg ɗin ne ya fitar da Zmodem a 1986. Wannan zuba bayanai yake yi ba tsayawa, sai mai karɓa ya ga kuskure ya ce a koma daidai wuri kaza. In layi ya yanke kana tsakiyar fayil, ka sake kira ya ɗora daga inda aka tsaya. Megabayit 1 kan ci wajen minti 5 a gudun 33,600, to ka ƙiyasta takaicin fayil mai megabayit 10 ya katse saura ƙiris a ce ka faro daga farko. Ka dai leƙa saitin manhajarka, don a wasu sai ka kunna wannan ci gaban da hannunka.

Kermit, wanda aka ƙirƙiro a Jami'ar Columbia ta Amurka a 1981, ana yi masa kallon marar sauri, kuma ni a ganina an zalunce shi. Manhajoji da yawa tsohon saitinsa suke ɗauke da shi, mai gunduwar da ba ta kai bayit 100 ba. In ka samu cikakkensa irin C-Kermit ka ƙara girman gunduwa, yana gudu sosai, kuma yana ratsa layin da ke ɗaukar bit 7 kawai a kowane harafi maimakon 8, inda Xmodem ba ya aiki sam. Shi za ka koma wa in Zmodem ya ƙi.

In ka ga Zmodem yana ta kuskure a manyan fayiloli, kafin ka zargi layi duba saitin tsayar da kwararar bayanai tsakanin kwamfuta da modem. Sa shi a RTS/CTS (tsayarwa ta sigina a wayoyin kebul), ka kashe XON/XOFF (tsayarwa ta haruffa na musamman a cikin bayanan), sannan ka tabbata layin yana kan 8N1 (saitin da ke aika cikakken bit 8 a kowane harafi). Fayil ɗin kuma a matse shi da ZIP tun daga can idan na'urar za ta iya, ya fi ka dogara da matsewar da modem ke yi da kansa.