Tambaya da Amsa: Tirelar daji na ƙara daga ƙasa

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina da ƙaramar tirela mai tanti da nike ja da Hilux in za mu gona wajen Yabo, mukan kwana biyu ko uku can. Wanga watan ta hwara wani ƙwas-ƙwas daga ƙasa duk sanda munka faɗa rami, kuma tayar hagu gefe guda kawai take cinyewa. Bakanike ya ce bushin ne, in canza na hagu kaɗai ya isa. Shin haka ne? Mai karatu daga Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bakaniken ya gano ciwon amma kar ka yarda a canza gefe ɗaya, tare aka sa su tare suka sha rami, in na hagu ya mutu na dama ma yana hanya. Bushin ɗin nan ɗan zobe ne da ke cikin idon sifirin, wato ramin ƙarshen ƙarafan da ke ɗauke da nauyin tirela, inda bolt ke ratsawa, shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Zafinmu na Afrilu da ke haura digiri 40 ga ƙurar hunturu, roba ba ta daɗewa sai ta bushe ta tsattsage.

Ka tsaya a kai ranar aikin. A ɗaga bodin da jak a tokare shi da abu mai ƙarfi, don Allah kar kowa ya shiga ƙasa jak kaɗai na riƙe da ita. Sai a sa ƙarfe a ɓanɓara idon sifirin, in yana wasa to magana ta tabbata. Amma abin da na fi so ka duba da idonka shi ne bolt ɗin da ramin shakul, wato ƙarfen da ke rataye ƙarshen sifirin a jikin tirela, domin in an daɗe ana tafiya a haka bolt yakan cinye ya yi ƙugu, ramin ya koma kamar ƙwai, kuma sabon bushin a kan cinyayyen bolt asarar kuɗi ce kawai wata nawa zai yi. A canza su gaba ɗaya.

In na roba ka samu, kar a shafa masa giris na mota, yana lalata roba, ruwan sabulu ya isa a tura shi. Kuma kar a ɗaure noti tamau tirela na sama, a sauke ta tayoyi su ɗau nauyi tukuna, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri. Na tagulla ko na polyurethane, wata irin roba mai tauri, sun fi jure daji amma suna son giris a kai a kai, ka riƙa goge wanda ya fito waje don yashi na manne masa.

Batun taya, bayan an gama a auna daga gaban tirelar, inda ake haɗa ta da mota, zuwa kowane gefen aksil, in tsawon bai zo ɗaya ba aksil ya goce. Ka sake duba notocin yu-bolt, masu ɗaure sifirin da aksil, in kun dawo daga Yabo tafiyar farko.