Amsa ga ɗan yayata kan kuɗin matasa a Ostireliya

Ɗana, saƙonka ya iso ni bayan sallar isha'i a nan Melbon, na karanta shi sau biyu. Ka ce ka samu gurbin karatun digiri na biyu, kuma wani abokinka ya tabbatar maka cewa gwamnatin Ostireliya tana biyan kowane matashi ɗalibi kuɗi duk sati biyu, don haka kana ganin in ka haɗa kuɗin jirgi da na zangon farko, sauran za su zo da kansu. Ka tambaye ni yadda ake rajista.

Kuɗin akwai shi, abokinka bai yi ƙarya a nan ba. Sunansa Youth Allowance, hukumar Centrelink ce ke biyansa, ga ɗalibai da masu koyon sana'a 'yan shekara 16 zuwa 24, da masu neman aiki 'yan 16 zuwa 21. Sai dai ba naka ba ne. Na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama na dindindin. Bizar ɗalibai mai lamba 500 da za ka shigo da ita ba ta ba ka damar karɓar ko sisi, haka ma bizar wucin gadi da ake ba waɗanda suka kammala karatu. Ko wanda ya samu takardar dindindin, tun daga Janairun 2019 yakan jira har shekara huɗu kafin a soma ba shi, in ba ɗan gudun hijira ba ne. Kai kuma yanzu shekararka 23, ka ga kafin ka kai can ka wuce shekarun. Hasali ma kafin a ba ka bizar sai ka nuna kana da abin riƙe kanka na shekara guda, wanda a Mayun 2024 aka ɗaga shi zuwa dalar Ostireliya 29,710, ban da kuɗin makaranta. Ina roƙonka kada ka sa mahaifiyarka ta sayar da filinta na Samaru a kan lissafin kuɗin da ba zai zo ba.

Duk da haka ina so in ba ka labarin yadda masu karɓar kuɗin suke rayuwa da shi, don a ciki za ka gane irin ƙasar da kake shirin zuwa.

Ƙanwarka da aka haifa a nan tana karɓa. Shekararta 19, tana karatun aikin jinya, tana kuma aiki a wani gidan burodi ranakun Asabar da Lahadi. Duk bayan sati biyu, ranar Alhamis kafin ƙarfe biyar na yamma, za ka gan ta a teburin kicin da waya a hannu, ta buɗe manhajar Centrelink, takardar albashinta a gefen kofin shayi, tana bin layi da ɗan yatsa. Tana shigar da abin da aka biya ta a cikin kwana 14 da suka wuce da yawan awannin da ta yi. Satin da ba ta yi aiki ba ma sai ta shiga ta ce babu. In ba ta yi rahoton ba, kuɗin ba zai faɗo ba. Ka tuna lokacin bautar ƙasarka, yadda kuke zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma duk wata ku dangwala yatsa kafin alawus ya shigo? Kusan haka ne, illa dai a nan ba fuskarka suke son gani ba, aljihunka suke son gani.

Wurin da yara suka fi faɗawa shi ne adadin da za a rubuta. Cikakken albashi ake nema, kafin a cire haraji, ba abin da ya shiga asusun banki ba. Ƙanwarka a watanninta na farko abin da ta gani a banki take rubutawa, da zuciya ɗaya, don a ganinta shi ne kuɗinta. Bambancin ɗan kaɗan ne a kowane sati biyu, amma ya taru, sai ga wasiƙar bashi. Na same ta zaune a bakin gado da takardar a cinya, idanu sun yi ja, tana ta maimaita cewa ita ba ɓarauniya ba ce. Kuskuren nata ne, ta amsa, aka riƙa cire kaɗan-kaɗan daga kuɗinta har ta gama biya. Tun daga ranar ta sayi jakar roba mai zif, kowace takardar albashi can take shiga.

Dalilin wannan bin diddigi shi ne tallafin yana raguwa gwargwadon abin da ka samu. Akwai adadin da aka yafe wa ɗalibi, in ya haura shi sai a rage santi 50 a kowace dala, in ya ƙara haurawa a rage santi 60. Kuma ba su dogara da bakinka kaɗai ba. Mai gidan aikinka yana aika bayanin albashinka ga hukumar haraji duk ranar biya, su kuma su haɗa da abin da ka faɗa. Wanda ya ɓoye albashi da gangan ana iya ɗora masa kashi 10 cikin ɗari a kan bashin, ana iya riƙe kuɗin harajin da ya kamata a mayar masa, in abin ya yi muni har kotu.

Bayan albashi kuma akwai sauyin hali, wanda doka ta ba ka kwana 14 ka sanar. Ka canja gida ko kuɗin haya, ka ajiye wasu darussa har karatunka ya gaza kashi uku cikin huɗu na cikakken zango, ka bar makaranta, ka samu sabon aiki. Da yake ƙanwarka ba ta kai 22 ba, ni da mahaifiyarta ma abin da muke samu yana cikin lissafi. Abu biyu ne suka fi kama yaranmu Musulmi. Na farko aure. Yaro zai ɗaura aure a masallaci, ya ce ai ba a yi rajista da gwamnati ba, don haka babu abin faɗa. Su kuwa da zarar kuna zaune tare a matsayin miji da mata sun ɗauke ku ma'aurata, albashin ɗaya yana taɓa tallafin ɗaya. Na biyu tafiya gida hutu ko Umara. Tallafin yakan tsaya daga ranar da ka bar ƙasar sai dai da uzuri karɓaɓɓe, kamar rashin lafiya mai tsanani ko rasuwar makusanci, kuma hukumar shige da fice tana sanar da su fitarka ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba. Masu neman aiki nasu ya ɗara haka, don suna da yarjejeniyar neman aiki da suka sa wa hannu, da ganawar da in suka ƙi zuwa a dakatar da kuɗin.

Ba zan ce maka tsarin bai taɓa cutar da kowa ba. An yi abin da ake kira Robodebt, inda kwamfuta ta riƙa ɗaukar kuɗin da mutum ya samu a shekara ta raba shi daidai a kan sati biyu-biyu guda 26, ta ce ya ci kuɗin da bai cancanta ba. Ɗalibin da ya yi aiki tuƙuru lokacin hutu sannan ya zauna watanni babu aiki, sai ya wayi gari da bashin da bai ci ba, kuma aka ce shi zai kawo hujjar wanke kansa da takardun shekarun baya. An dakatar da wannan lissafi a ƙarshen 2019, a Mayun 2020 gwamnati ta ce za ta mayar da dala miliyan 721, kwamitin bincike ƙarƙashin Catherine Holmes ya fitar da rahotonsa a Yulin 2023 yana mai cewa tsarin ya saɓa doka. Har yau abin yana ci mini rai, don marasa ƙarfi ya faɗa wa. Shi ya sa nake ganin jakar robar ƙanwarka da daraja.

Kai ma in Allah ya kawo ka kana da naka rahoton, ko da ba ka karɓar komai. Cikin kwana bakwai da saukarka sai makaranta ta san adireshinka, haka duk lokacin da ka sauya gida. Lokacin karatu awa 48 kawai aka yarda ka yi aiki a sati biyu, sai fa in digirin naka na bincike ne zalla. Inshorar lafiyarka kada ta yanke. In ka daina zuwa aji ko ka yi ta faɗuwa, makaranta da kanta za ta kai rahotonka, bizarka kuma a kanta take rataye. Za ka haɗu da masu ce maka zo ka yi aiki a biya ka a hannu babu takarda. Ka guje su, ɗana, ranar da suka hana ka haƙƙinka ba ka da abin nunawa.

Ka turo mini takardar gurbin da adadin kuɗin makarantar na kowane zango, mu zauna ranar Lahadi ta waya tare da mahaifiyarka mu yi lissafin da kuɗin da ke hannu. In ya yiwu, ɗakin baya yana nan babu kowa, ni zan je filin jirgi in ɗauko ka. Ka gaida mini Yaya da kyau.