Shin aikin soja yana sa mutum ya cancanci shugabancin ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gardama ce ta kaure a majalisarmu. Wasu na cewa tunda rashin tsaro ya addabi Najeriya, tsohon soja kaɗai ya dace da kujerar shugaban ƙasa, har wani ya ce duk wanda ya zaɓi farar hula ya ci amanar al'umma. Shin shari'a ta fifita wanda ya yi aikin soja? Allah Ya ƙara wa Malam lafiya.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Aikin soja ba ya cikin sharuɗɗan shugabanci a shari'a, kuma shi kaɗai bai isa ya cancantar da kowa ba. Shaida ce da ake dubawa, tana iya ɗaga mai ita, tana iya kayar da shi. Shi kuwa ɗan'uwan da ya kira zaɓen farar hula cin amana, ya faɗi abin da babu dalili a kansa, sai ya janye.

Ma'aunin ba da kowane aiki yana cikin Suratul Ƙasas, aya ta 26: mafi alherin wanda za ka ɗauka aiki shi ne mai ƙarfi, amintacce. Ƙarfin kuma daidai da aikin ake auna shi. Da Annabi Yusuf ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, cewa ya yi shi mai tsarewa ne, masani. Ko Ɗalutu, wanda domin yaƙi aka nemi sarautarsa, Allah Ya ambaci yalwar iliminsa kafin ta jikinsa, a Baƙara aya ta 247. Imam Mawardi ya lissafa sharuɗɗa bakwai ga shugaba, jarumta ɗaya ce kawai a ciki, kuma adalci da ilimi ne a gabanta. Jarumtar ma ba kaki ake nufi ba. Dakiyar zuciya ce irin ta Sayyidina Abubakar ranar da ƙabilu suka hana zakka.

A duba aikin magabata. A yaƙin Zatus Salasil, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) ya ba Amru ɗan As jagoranci alhali Abubakar da Umar suna cikin rundunar. Amma da aka zo zaɓen halifa, Abubakar aka yi wa mubaya'a. Khalidu ɗan Walidu, Takobin Allah, ba a ba shi halifanci ba, hasali ma Umar ya sauke shi daga jagorancin runduna ya naɗa Abu Ubaida. Mu nan ƙasarmu, a Gudu a 1804, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, malami, shi jama'a suka yi wa mubaya'a, Aliyu Jedo kuma ya riƙe sarautar yaƙi. Fatawar Imam Ahmad da wasu ke kafa hujja da ita, cewa a fita yaƙi da mai ƙarfi ko da fajiri ne a bar salihi mai rauni, a kan kwamandan yaƙi ya ba da ita. Kada a ja ta zuwa inda bai kai ta ba.

Dokar ƙasa ma ba ta sa aikin soja cikin sharuɗɗa ba. Sashe na 131 na kundin tsarin mulkin 1999 abu huɗu ya nema: ɗan ƙasa ta haihuwa, shekara 35 (da 40 ce, aka rage a 2018), jam'iyyar da ta tsayar da shi, da ilimi aƙalla na matakin kammala sakandare. Wanda ke cikin kaki sai ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe.

Inda ake samun tangarɗa shi ne aikin biyu ba tafiyarsu ɗaya ba. A bariki oda ake bayarwa a bi ba musu. Shugaban ƙasa kuwa, duk da shi ne babban kwamandan askarawa, sai ya kai kasafin kuɗi gaban sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360, kotu na iya rushe matakinsa, gwamnoni 36 ba yaransa ba ne, ko yaƙi ba zai shelanta ba sai da amincewar majalisun biyu. Wanda bai iya shawara da haƙurin jin suka ba zai sha wuya, talakawa su sha tare da shi. Najeriya ta zaɓi tsofaffin janar biyu, Obasanjo a 1999 da Buhari a 2015, amma kakin bai kawo ƙarshen matsalar tsaro ba.

Wannan ba raina aikin soja ba ne. Annabi (SAW) ya ce idon da ya kwana yana gadi saboda Allah wuta ba za ta taɓa shi ba. Kuma wanda ya san yadda ake kai wa soja abinci da harsashi a daji ya san abin da wani bai sani ba.

Saboda haka idan tsohon soja ya fito takara, kada ku tsaya a kan anininsa. Ku bincika me aka damƙa masa, ya ya bar shi. Alawus ɗin ƙananan sojojinsa yana isa hannunsu? Kuɗin makamai fa? Akwai jinin farar hula a wuyansa? Wannan ta fi kowace nauyi, domin jini ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin mutane ranar ƙiyama. In ya taɓa mulki, ya mutunta kotu, ya miƙa mulki da lokaci ya yi? Sannan ku auna abokin takararsa da wannan ma'auni, ba sassauci. Ƙuri'a shaida ce, ba ta halatta a kan jita-jitar majalisar hira. Idan bayan bincike su biyun suka yi kunnen doki a amana da iya mulki, ƙasa kuma tana cikin halin yaƙi, ya halatta gogewar soja ta zama abin rinjayarwa.

Wallahu a'alam.