Tambaya da Amsa: Wace Babbar Manhaja Ce Ta Dace da Tsohuwar Kwamfuta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar makarantar sakandare ce a Katsina. Ina da kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu wadda yayana ya bar mini, mai masarrafar Core 2 Duo da RAM gigabait 2. Da ita nake shirya darasi, da buga tambayoyin jarrabawa, da lissafin makin ɗalibai, wani lokaci kuma in leƙa intanet. Windows 7 ce a kanta da farko, sai wani mai gyara ya sa mini Windows 10, tun daga ranar kuwa ta ƙara nauyi, har nakan kunna ta in je in ɗora tukunya kafin ta gama buɗewa. An ce mini akwai manhajar Linux mara nauyi, amma da na bincika sai na ga sunaye rututu. Wacce zan zaɓa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Nauyin da kika gani ba abin mamaki ba ne, domin gigabait 2 shi ne mafi ƙarancin RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a ciki) da Microsoft ya gindaya wa Windows 10 mai bit 64, wato da ƙyar kwamfutarki take ɗauke da ita, ballantana a ɗora mata wani aiki. Komawa Windows 7 ba mafita ba ce, tunda an daina tura mata gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020, ita ma Windows 10 tallafinta na gama-gari ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 kuwa tana neman aƙalla gigabait 4 da guntun tsaro na TPM 2.0 da masarrafa ta kwanan nan, don haka ba ta cikin lissafinmu. Shawarar da aka ba ki game da Linux tana kan hanya.

Kada yawan sunayen ya ruɗe ki. Ƙashin bayansu ɗaya ne, wato wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa yana ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finland a 1991, kuma yawancin waɗanda za a ambata miki daga Debian ko Ubuntu, wasu manyan nau'o'in Linux guda biyu, suka samo asali. Abin da ya fi raba mai nauyi da mara nauyi shi ne fuskar da ake gani a allo, wadda ke ɗauke da taguna da gumaka da jerin manhajoji. Fuskar GNOME da ke kan Ubuntu ta asali tana son kwamfuta mai ƙarfi, yayin da Xfce da LXQt suke wadatuwa da kaɗan, IceWM kuma ta fi su duka ƙarancin buƙata.

Kin yi sa'a a wuri guda. Duk masarrafar da aka rubuta mata Core 2 Duo tana ɗaukar manhaja mai bit 64, saɓanin wadda ta gabace ta mai suna Core Duo, ba tare da 2 ɗin ba, wadda ta tsaya a bit 32. Wannan lamba guda ita ce ta buɗe miki ƙofar sababbin fitowar Linux, domin yawancinsu sun daina yin na bit 32.

Zaɓina gare ki shi ne Linux Mint mai fuskar Xfce. Masu ita sun ce tana tashi da gigabait 2 na RAM da gigabait 20 na wurin ajiya, kodayake sun fi son gigabait 4, kuma jerin fitowarta mai lamba 22 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har zuwa 2029. Tsarinta ya yi kama da na Windows 7 da kika saba da shi, da maɓallin jerin manhajoji a kusurwar hagu ta ƙasa, kuma tana zuwa da LibreOffice ta rubutu da lissafi, da Firefox, wato burauzar shiga intanet, a shirye. Lubuntu mai fuskar LXQt ta ɗan fi ta rashin nauyi, ban kuma hana ki gwada ta ba, sai dai tallafin fitowarta mai dogon zango shekara uku ne, sannan Firefox ɗinta yana zuwa ne cikin wani ƙunshi da ake kira snap, wanda kan yi jinkirin buɗewa a kan tsohon faifan ajiya. Za ki kuma ji ana yabon ChromeOS Flex da Google ya fitar a 2022, amma tana buƙatar gigabait 4, kuma kusan duk aikinta a intanet yake, abin da bai dace da mai sayen data da kuɗin aljihunta ba.

Akwai gaskiyar da masu tallar waɗannan manhajoji ba su cika faɗa ba, ita ce kuma ta fi muhimmanci a duk wannan amsa. Babbar manhaja mara nauyi tana rage abin da ita kanta take ci ne kawai, ba ta rage nauyin shafukan intanet na yau. Idan kika buɗe Facebook da YouTube da Gmail a lokaci guda, burauza kaɗai tana iya cinye abin da ya rage na gigabait 2 ɗin, daga nan sai kwamfutar ta koma aron wuri a faifan ajiya, ki ga fitilar faifan tana kyaftawa babu ƙaƙƙautawa, linzami kuma ya ƙi motsi. A rubutu da lissafin maki za ki ga sauyi ƙarara, amma a intanet dole ki riƙa buɗe shafi biyu ko uku kawai, ki sa manhajar toshe talla irin uBlock Origin, ki kuma rage ingancin bidiyo zuwa 360p ko 480p.

Saboda haka, idan da ɗan abin da za ki iya kashewa, ki fara da faifan SSD mai inci 2.5, wanda ake samu a kasuwannin kayan waya da kwamfuta irin Farm Centre a Kano. Ko mai gigabait 120 ya ishe ki. Tsohon faifan yana da farantai masu juyawa da allura mai neman bayani, shi kuwa SSD babu abin da ke motsi a cikinsa, shi ya sa kwamfutar da take ɗaukar mintoci kafin ta buɗe takan koma buɗewa cikin ƙasa da minti guda. Bayan shi sai ƙarin RAM, domin yawancin kwamfutocin wancan zamani suna karɓar gigabait 4, amma mai gyara ya fara duba nau'in RAM ɗin, ko DDR2 ce ko DDR3, don ba sa shiga ramin juna.

Kada a goge komai kafin a gwada. Ki sauke fayil ɗin Mint daga shafinsu na ainihi, ki kuma shirya masa data, don ya kai kusan gigabait 3, sannan a ɗora shi a kan filas da manhajar Rufus ko Ventoy. Idan aka tayar da kwamfutar daga filas ɗin, ta hanyar danna F12 ko F9 ko Esc gwargwadon ƙirarta, Linux za ta buɗe ba tare da ta taɓa Windows ba. A nan ki gwada sauti da Wi-Fi da firinta. Wasu tsofaffin kwamfutoci masu na'urar Wi-Fi ta Broadcom ba sa ganin intanet sai an ƙara musu wata ƙaramar manhaja, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa wayar hannu da kebul a raba mata data har a sauke ta. Idan komai ya yi, ki kwashe takardunki da hotunanki zuwa wani wuri, sannan ki tabbatar akwai tsayayyar wuta, musamman idan batirin ya mutu, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar girkawa tana nufin sake farawa daga tushe.

Dangane da aikin makaranta, LibreOffice yana buɗe fayilolin Word da Excel, yana kuma adana su a tsarinsu, sai dai jadawali da girman haruffa sukan ɗan goce. Duk takardar jarrabawar da za ki kai wurin bugawa, ki mayar da ita PDF tukuna. A cikin saitin allon rubutu kuma akwai tsarin Hausa na Najeriya, wanda zai ba ki ɓ da ɗ da ƙ ba tare da an sauke komai ba.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Maraɗi. Ina da 'yar ƙaramar kwamfuta mai masarrafar Atom N270 da RAM gigabait 1, kuma Mint da Lubuntu duk sun ƙi tashi a kanta. Ta mutu ke nan?

AMSA: Ba ta mutu ba, ɗan'uwa, masarrafarta ce mai bit 32, Mint kuwa ta bar wannan layi tun fitowarta ta 20 a 2020, Lubuntu ma ta bari. Ka nemi antiX 23 ta bit 32, wadda aka gina a kan Debian 12, mai fuskar IceWM, wadda ke iya tashi ko da rabin RAM ɗinka. Puppy Linux, wadda Barry Kauler ya fara a Ostireliya a 2003, ita ma tana da masu bit 32, amma tsarinta yana buƙatar sabo. Sai dai ka san cewa lokacin irin wannan kwamfuta a intanet yana ƙurewa: Chrome ya bar Linux mai bit 32 tun 2016, Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ba ta da manhajar girkawa ta bit 32, Mozilla ma ta sanar a 2025 cewa Firefox zai bi sahu. Ka riƙe ta don rubutu, da karanta littattafan PDF, da sauraron karatu, da koyon shirya manhaja da Python, harkar banki da sauran abin da ke buƙatar kalmar sirri kuwa ka bar su a wayarka.