Yadda za ka raba bayanan da layi fanko ya shiga tsakaninsu a Python

Malam, na gane tambayarka: fayil ɗinka na ɗauke da bayanan ɗalibai, kowane ɗalibi da 'yan layukansa irin "suna: …" da "maki.lissafi: 70", layi fanko na raba shi da na gaba, kana so makin kowa ya shige cikin ƙamus nasa (dict, wato ma'ajiyar Python mai haɗa kowane suna da ƙimarsa).

Kada ka dogara da split("\n\n"). Ni ma na taɓa yini guda ina neman kuskure, ashe wani layin da nake gani fanko akwai tazara ɗaya ɓoye a cikinsa. Ga abin da nake yi:

```
rubutu = open("dalibai.txt", encoding="utf-8").read()
duka = []
for guntu in re.split(r"\n\s*\n", rubutu.strip()):
    d = {}
    for layi in guntu.splitlines():
        k, _, v = layi.partition(":")
        uwa, digo, reshe = k.strip().partition(".")
        if digo:
            d.setdefault(uwa, {})[reshe] = v.strip()
        else:
            d[uwa] = v.strip()
    duka.append(d)
```

Ka tuna da import re a sama, domin daga nan ake samun re.split mai yanka rubutun a layi fanko ko da akwai tazara a cikinsa. Na zaɓi partition ne saboda a alamar farko kaɗai yake yankawa, lokaci irin 10:30 ba zai tsinke ba. Shi kuma utf-8 ɗin nan kar ka cire shi, in ba haka ba a Windows ƙ da ɗ da ɓ na sunayen yara za su iya dagulewa.

Makin zai fito a matsayin rubutu, sai ka bi shi da int kafin ka yi lissafi. In fayil ɗin ya yi girma sosai, bar read, ka riƙa karanta shi layi-layi da itertools.groupby.