Ina sauran wutar sola ta tafi? Amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Na sa an haɗa mini farantan sola huɗu, kowane wat 400, jimla wat 1,600. Amma ko da rana ta take tsaka, inbata ba ta taɓa nuna mini sama da 1,200 ba. Cuta ta aka yi? Daga wani magidanci a Gusau.

Amsa: Malam, bisa abin da ka faɗa, ban ga alamar cuta ba. Lambar da ke bayan faranti a ɗakin gwaji aka samo ta, inda ake haska shi da haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, jikinsa kuma yana kan digiri 25 na zafi. Rufin kwanonka bai san wannan yanayi ba. A watan Afrilu, lokacin da zafin iska ke kai digiri 40 a Gusau ko Sakkwato, jikin faranti yakan kai 60 zuwa 70. Mutane da yawa sun ɗauka zafin rana ne ke ba da wuta. Haske ne ke bayarwa, zafi ragewa yake yi. Kowane digiri ɗaya da ya hau kan 25 yana cin kusan kashi 0.35 cikin ɗari na ƙarfin faranti, don haka a digiri 65 ka riga ka rasa kashi 14. Wat 1,600 ɗinka sun koma wajen 1,375 tun wuta ba ta sauko daga rufi ba.

Sai ƙura. Hazon da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, yana tare haske tun a sama, sannan ya kwanta a kan gilashi. Ko a ranar da gari ya waye tas, farantin da ya yi makonni ba a wanke ba yana iya rasa kashi 10 ko fiye. Wayar wuta ta ci nata, kwantrola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, ta ci nata. In ka tara, 1,200 ita ce amsar da ta dace. Ka kuma lura, idan batir ya cika kuma ba a kunna kaya masu yawa ba, inbata da kanta take rage abin da take ja. Lokacin duba ƙarfin faranti shi ne da hantsi zuwa azahar, batir bai cika ba, kaya suna kunne.

Duk da haka akwai farantai a kasuwa masu lambar ƙarya, kuma tef ɗin awo ya isa ya tona asirinsu. Farantin zamani yana ba da wat 200 zuwa 220 a kowace murabba'in mita. Mai wat 400 na gaskiya zai kai kusan murabba'in mita biyu, wato tsawo wajen mita 1.7, faɗi wajen 1.1. Idan naka bai kai murabba'in mita ɗaya da rabi ba a lissafin tsawo sau faɗi, to ka koma wurin mai shago.

Kafin ka ƙara ko kwabo, ka yi waɗannan: a wanke farantan da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashi ya yi zafi, duk mako a lokacin hunturu. A ɗaga su daga jikin kwano yadda iska za ta ratsa ta ƙarƙashi. Su fuskanci kudu, a karkace kamar digiri 10 zuwa 15. Sannan ka hau ka duba inuwa. Ƙwayoyin da ke cikin faranti a jere suke kamar jerin masu miƙa bokiti a wurin gobara, in ɗaya ya tsaya sai layin duka ya yi sanyi. Inuwar tankin ruwa ko reshen darbejiya a kusurwa ɗaya tana iya cin sulusin farantin.

Tambaya: Ina da batir biyu na ruwa, kowane 200Ah. Fanka uku, firiza da talabijin muke kunnawa, amma kafin ƙarfe ɗaya na dare wuta ta ɗauke. In ƙara batir biyu ne, ko in sayi na litiyam? Daga wata uwargida a Kano.

Amsa: Hajiya, mu yi lissafi tukuna. Batir biyu na bolt 12 da 200Ah (Ah shi ne awon yawan cajin da batir ke ɗauka) suna ɗauke da yunit 4.8, irin yunit ɗin mitar kati. Amma batirin ruwa rabinsa ake ci in ana so ya daɗe, saura 2.4. Inbata tana ɓatar da kusan kashi 10 wajen juya wuta, kuma tana shan wat 30 zuwa 50 don kanta ko ba a kunna komai ba. Fankar sama ta gargajiya tana jan wajen wat 70, uku 210 ke nan. Da firiza da talabijin da ƙwayayen lantarki kin kai 400. Awa biyar ne haƙƙinki, kuma shi kike samu. Batiranki ba su yi laifi ba.

Ba na ba da shawarar haɗa sabon batir da tsoho, domin tsohon zai ja sabon ƙasa, kuɗin ya tafi a banza. Na litiyam ya fi: ana cin kashi 80 zuwa 90 nasa, kuma yana dawo da fiye da kashi 90 na wutar da aka zuba masa, alhali na ruwa wajen kashi 80 yake dawowa da shi. Idan hali ya yi, shi za ki saya, ki tabbatar bolt ɗinsa ya yi daidai da na inbatarki kuma ta san cajinsa. Sai dai ki fara tambayar mai haɗa miki ko farantanki za su iya cika shi a yini ɗaya, har da watan Agusta mai hadari.

Abin da ya fi sauƙi a yanzu shi ne canja fanka. Masu aiki da DC, wato irin wutar batir, wat 25 zuwa 35 suke ja, uku za su ba ki ƙarin awa biyu zuwa uku. Firiza kuma ta yi aikinta da rana, a kashe ta da dare in ta daskare. Ki fitar da batiran daga ɗaki mai zafi, domin ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba rayuwar batirin ruwa kusan biyu.

Tambaya: Kwantrola ta MPPT ta ninka ta PWM tsada. Ta cancanci kuɗinta? Daga wani mai shagon cajin waya a Maraɗi.

Amsa: Ya danganta da farantinka, ɗan'uwa. PWM tana janyo bolt ɗin faranti ya sauko daidai da na batir, abin da ya rage ya salwanta, ita kuwa MPPT tana mayar da wannan rarar ta zama cajin batir. Ƙaramin faranti mai bolt 18 a kan batir mai 12 zai rasa kamar kashi 20, ana iya haƙuri da wannan. Amma babban faranti mai bolt 30 zuwa 40 a kan batir ɗaya, fiye da rabin ƙarfinsa zai tafi. Tunda sana'a kake yi, sayi MPPT, kuma ka ɗaga ta ka ji nauyi, don akwai masu rubutun MPPT a jiki alhali cikinsu PWM ne. Wayar da ke tsakanin batir da inbata ta zama mai kauri, gajera, ta jan ƙarfe zalla. In ka taɓa ta ka ji ɗumi, a canja ta.